Ƙaramar Ƙarya, Babbar Tuhuma: Amsata Ga Hedimasta Kan Wani Fim Na Ingila

 Yau zan ɗan kauce wa hanyar da muka saba bi, domin akwai bashin da na ci a zaurena makonni biyu da suka wuce, kuma mai bin bashin ba mutumin da ake ja wa rai ba ne. Maƙwabcina ne, tsohon shugaban wata makarantar firamare da ya yi ritaya tuntuni, wanda har yau duk unguwarmu ba mai kiran sunansa na yanka, sai dai a ce Hedimasta.

Ya shigo bayan sallar isha'i ya tarar ina kallon wani fim na talabijin ɗin Birtaniya a kwamfuta. Na yi niyyar rufewa, ya ce in bar shi. Ya gyara zama ya kalla tare da ni har ƙarshe, kuma ina jin sa yana darawa a wurare da dama. Amma da aka gama sai ya miƙe, ya saɓa hannun rigarsa, ya ce, "Malam marubuci, ni fa abin nan bai kwanta mini a rai ba. Mutum ya ci guba ya mutu a cikin gidansa, su kuwa sun mai da abin wasa. Wace irin al'umma ce ke dariya alhali gawa na kwance?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ma ka dara." Ya ce, "To, abin da ya dame ni ke nan." Na rasa ta cewa a daren, sai na yi masa alkawarin amsa a rubuce. Ga ta nan.

Sunan fim ɗin Agatha Raisin and the Quiche of Death. Tashar Sky1 ce ta fara nuna shi ranar 26 ga Disamba, 2014, wato washegarin Kirsimeti, ranar da mutanen Ingila ke zaune a gida da iyalansu, ciki ya cika, ana neman abin kallo marar nauyi. Geoffrey Sax ne ya ba da umarni, Ashley Jensen kuma, 'yar wasa daga Skotland, ta fito a matsayin Agatha. An ɗauko labarin daga littafi mai wannan suna da ya fito a 1992, na marubuciya M. C. Beaton. Sunanta na asali Marion Chesney, an haife ta a Glasgo a 1936, ta yi aikin jarida kafin ta koma ga ƙagaggun labarai, ta kuma rasu a ƙarshen Disamba na 2019 bayan ta rubuta littattafai kimanin talatin a kan wannan mata guda. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, har aka mai da shi shiri mai dogon zango daga 2016.

Kafin mu shiga labari, bari in bayyana abincin nan da ake kira kish, domin a kansa komai ya rataya. Asalinsa daga Faransa yake. Ana kwaɓa fulawa da man shanu a shimfiɗa a faranti mai ɗan zurfi, a zuba kaɗaɗɗen ƙwai da madara, a haɗa da ganye ko nama ko cuku, sannan a gasa a tanda. Na Agatha na alayyahu ne.

Ita Agatha mace ce da ta yi suna a Landan a sana'ar gyaran suna. Kamfani gare ta na hulɗa da jama'a, aikinta shi ne ta sa jaridu su yabi hajar da ba lalle ta cancanci yabo ba, ta kuma wanke mai kuɗin da ya yi abin kunya. Littafin ya nuna cewa a cikin talauci ta taso, a wata unguwar marasa galihu ta Birmingham, kuma tun tana yarinya aka taɓa kai ta hutu yankin Cotswolds, ta ga tuddai kore shar da gidajen dutse masu launin zuma, ta ƙudurta a ranta cewa nan za ta ƙare rayuwarta. Da ta tara abin da ta tara, sai ta sayar da kamfanin, ta yi ritaya da sauran ƙarfinta, ta sayi gida a Carsely, wani ƙauye da marubuciyar ta ƙirƙiro.

Ashe sayen gida daban, shiga gari daban. Mutanen Carsely suna gaishe ta da fara'a, su yi mata zancen ruwan sama, su wuce abinsu. Ba wanda ya zage ta, ba kuma wanda ya buɗe mata ƙofa. Ita kuwa duk tsawon rayuwarta cin nasara ta iya, ba ta taɓa koyon yin abota ba. Don haka da ta ga sanarwar gasar girki ta ƙauyen, sai ta yi lissafi irin na 'yan kasuwa: in ta ci gasa, za a san ta, in aka san ta, za a karɓe ta. Matsala ɗaya ce kawai, ba ta iya girki ba ko kaɗan. Sai ta garzaya Landan, ta sayo kish a wani kanti da ya shahara da shi, ta cire takardar kantin, ta ajiye a teburin gasa da sunanta.

Ba ta ci ba. Alƙalin gasar, Andy Cummings-Browne, wanda Robert Bathurst ya fito a matsayinsa, ya ba wata matar kyautar. Abincin Agatha ya ƙare a gidan alƙalin, ya ci da daddare, gari ya waye aka tarar da gawarsa. Bincike ya nuna akwai guba a cikin abincin, ta wani tsiro na bakin ruwa da Turawan Ingila ke kira cowbane, ma'ana makashin shanu. Tsiro ne na gaske, dangin karas da faski, dafinsa ya fi taruwa a saiwa, kuma yana kisa ta hanyar jijjiga mai tsanani. To, wa ya dafa abincin? Duk ƙauye ya ga sunan da ke jikin farantin. Garin neman ƙiba, Agatha ta samo rama.

Ba zan faɗa muku wanda ya yi kisan ba, domin ba a yi wa mai niyyar kallo irin wannan ɓarna. Ni a wurina ma zuciyar labarin tana wani wuri dabam, tana wannan lokaci da 'yan sanda suka zauna a gaban Agatha suna tambayarta yadda ta haɗa abincinta. Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta dage cewa ita ta dafa, ta tsira da mutuncinta na kwana ɗaya, ta rungumi tuhumar kisan kai. Ko kuwa ta buɗe baki ta ce saya ta yi, ta kuɓuta daga kurkuku, amma duk ƙauyen da ta zo neman yardarsa ya san ta da maguɗi. Mai kallo yana dariya ne saboda ya ga ta yi jinkiri. Mace mai hankali, ana zancen rai, amma tana auna kunyar abinci da ɗaurin rai da rai kamar nauyinsu ɗaya. Dariyar da Hedimasta ya yi mafi ƙarfi a nan ya yi ta, kuma na tabbata ba gawar yake yi wa ba.

Marubuciyar ta san wannan jinkiri daga cikin gida. Ta taɓa ba da labarin cewa malamin makarantar ɗanta ya roƙe ta ta kawo abincin da ta gasa da hannunta domin wata kasuwar sadaka. Don kada ta ba ɗanta kunya da cewa ba ta iya ba, sai ta sayo na kanti, ta sake masa ƙunshi, ta kai a matsayin nata. Ita ta sha, ba wanda ya mutu. Amma tambayar ta zauna mata a rai: da wani ya ci ya faɗi fa? Daga wannan ƙaramar tambaya littattafai talatin suka fito.

Ni ma na san jinkirin, kuma tun da na fara wannan zance gara in faɗi nawa. Ina aji biyu na sakandare aka ba mu aikin rubuta insha'i. Na je wurin wani ɗan aji biyar da ya yi suna a Turanci, na biya shi da ƙosai da kunu na kwana uku, ya zauna ya shifta mini, na rubuta, na miƙa. Ban sani ba ashe tsohon insha'insa ne da malamin ya riga ya gani shekarun baya. Ana cikin haka littafin aikin ɗan aji biyar ɗin ya ɓace daga akwatinsa, tare da 'yan kuɗinsa. Malamin ya haɗa wannan da wancan, biri ya yi kama da mutum, aka kira ni ofis a kan zargin fasa akwati. Hukuncin sata a makarantar kora ce. Abin da zai wanke ni kalma ɗaya ce, in ce saya na yi. Wallahi sai da na kwana biyu ban faɗa ba. Na gwammace a ɗauke ni ɓarawon da zan iya musantawa da a san ni daƙiƙin da ba zan iya musantawa ba. Da na faɗa, aka yi mini bulala shida, aka yi mini dariya zango guda, na kuma ci gaba da karatuna. Tun daga ranar na gane abin da Bahaushe ke nufi da ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka abu na farko da zan ce wa Hedimasta shi ne, ranka ya daɗe, bakin wannan dariya ba a kan mamaci aka saita shi ba. An saita shi a kan rayayyu da irin tufafin aron da suke yawo da su. Kuma ba Agatha kaɗai ke sanye da su ba. Da ta shiga bincike da kanta don ta wanke sunanta, sai ya bayyana cewa ƙauyen da ke yi mata kallon mai maguɗi shi ma a kan maguɗi yake zaune. Alƙalin gasar, mutum mai daraja da ake tashi a ba shi kujera, manemin matan mutane ne. A littafin, matar da ke cin gasar duk shekara tana ci ne don abin da ke tsakaninta da shi, kuma kusan kowa ya sani, kowa ya yi gum, ana ta tafi ana miƙa kofi. Baƙuwa ta yi ƙaryar kwana ɗaya an kama ta, 'yan gari sun shekara da shekaru suna tasu ba wanda ya ɗaga gira.

Akwai gaskiyar zamantakewa a ƙarƙashin wannan wasa. Yankin Cotswolds wuri ne na zahiri a kudu maso yammacin Ingila, mafi yawansa a gundumomin Gloucestershire da Oxfordshire. Da cinikin ulu ya yi arziki ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma da kuɗin ulun aka gina manyan coci-cocin da ake zuwa kallo yau. A 1966 hukuma ta sa shi cikin yankunan da ake karewa saboda kyawunsu. Wannan kyau shi ya jawo masu kuɗin Landan suna sayen gidaje, wasu don ritaya, wasu don hutun ƙarshen mako kawai, har farashi ya fi ƙarfin 'ya'yan da aka haifa a wurin. Don haka sanyin fuskar da Agatha ta tarar yana da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Ita kanta marubuciyar baƙuwa ce da ta zo ta zauna a yankin, ta san ciwon ɓangarorin biyu. An ɗauki fim ɗin a ƙauyen Biddestone na gundumar Wiltshire, kuma duk wanda ya ga kyawun wurin zai fahimci mai sha'awar shigowa, ya kuma fahimci mai ƙin a shigo masa.

Abin lura ne cewa abokin farko da Agatha ta yi a garin shi ne ɗan sandan da aka turo ya bincike ta, matashi mai suna Bill Wong, wanda Matt McCooey ya fito a matsayinsa. A littafin, mahaifinsa ɗan Sin ne daga Hong Kong, mahaifiyarsa 'yar yankin. Shi ma ya san yadda ake zama ɗan gari da fuskar baƙo. Sai kuma mai yi mata shara da goge-goge, wadda ke shiga kowane gida ta ƙofar baya ta ga abin da ba a nuna wa baƙi. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana, amma fim ɗin ya ƙara da cewa ɗan garin da zai taimake ka sau da yawa shi ne wanda manyan gari ba sa lissafawa.

Wannan irin labari tsoho ne a Ingila, kuma sunan Agatha da aka ba tauraruwar yana tuna wa mai karatu uwar ɗakin sana'ar, Agatha Christie, wadda aka haifa a Torquay a 1890 ta rasu a 1976. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a nan ta san guba ciki da bai. Littafinta na farko, na 1920, kisan da ke cikinsa da guba aka yi shi. A 1930 ta fitar da littafi na farko na Miss Marple, tsohuwar da ba ta taɓa aure ba, mai zama a ƙauye tana saƙa, tana warware abin da ya gagari 'yan sanda saboda ta daɗe tana lura da halin maƙwabta. Agatha Raisin kishiyar wannan tsohuwa ce ta kowace fuska: mai faɗa, mai gaggawa, mai yawan kuskure. Amma ƙauyen ɗaya ne, da cocinsa da mashayarsa da gulmarsa. Har yau tashoshin Birtaniya ba su gaji da shi ba. Shirin Midsomer Murders yana ta kashe mutanen ƙauyukan ƙirƙira tun 1997.

Me ya sa guba, me ya sa ƙauye? George Orwell ya taɓa duba wannan a wata maƙala da ya buga a 1946 a kan yadda Baturen Ingila ke son karanta labarin kisa a jaridar Lahadi bayan ya ƙoshi. Ya lura cewa kisan da ya fi kama zukatansu shi ne na mutum mai ɗan matsayi, likitan haƙori ko lauya, mai zaman mutunci a unguwa, wanda ya faɗa soyayyar ɓoye, ya kuma ga cewa zuba guba ya fi masa sauƙi a kan a gano abin kunyarsa. Ku duba da kyau, wannan lissafin Agatha ne aka juya shi. Ita ta kusa karɓar tuhumar kisa don gudun kunya, shi kuwa ya aikata kisan ne don gudun kunya. Ciwo ɗaya ne, tsoron abin da mutane za su ce ya rinjayi tsoron abin da yake gaskiya. Guba kuwa makamin na gida ne. Ba ta buƙatar ƙarfi ko bindiga, abin da take buƙata shi ne amana, wato wanda zai karɓi faranti daga hannunka ya ci bai tambaya ba.

Yanzu bari in ba Hedimasta haƙƙinsa, domin yana da abokan ra'ayi manya. Marubucin Amurka Raymond Chandler, wanda ya yi karatunsa a Landan, ya caccaki irin wannan labari a wata maƙala ta 1944. Ƙorafinsa shi ne an mai da kisa wasan wasa ƙwaƙwalwa, an share jini da kuka da ƙazantar abin, an bar gawa tsaf a kan kafet domin masu shan shayi su yi ta hasashe. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma fim ɗinmu bai tsira daga zargin ba. Dabarar masu irin wannan labari sananniya ce: sai su sa mamacin ya zama mutumin banza, don kada mai kallo ya ji zafin mutuwarsa. Da zarar an nuna mana alƙalin gasar mazinaci ne mai girman kai, sai zuciya ta saki, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan wuri ne mai santsi. Mutumin banza ma rai gare shi, kuma labarin da ya saba mana da cewa wata mutuwar ba ta cancanci juyayi ba yana koya mana abin da bai kamata mu iya ba. A nan na sallama wa Hedimasta, kuma damuwar da ya ji bayan ya dara alama ce ta lafiyar zuciya.

Sai dai akwai wani abu da ke riƙe da wannan dariya wanda ba a faɗa a fim ɗin, domin masu kallonsa na asali sun ɗauke shi tamkar iskar da suke shaƙa. Da aka tarar da gawar, ba wanda ya tara matasa aka nufi gidan Agatha da sanduna. An kira 'yan sanda, likita ya duba gawa, an kai ragowar abinci ɗakin gwaji, an gano sunan tsiron, an tambayi wadda ake zargi, an je an tabbatar da maganarta a kantin da ta ambata, sannan ta koma gidanta ta kwana. Hukuncin da ƙauye ya yi mata bai wuce harara da tsegumi ba. Ingila da Wales suna da mutane kimanin miliyan 60, kuma kisan kai da ake samu a shekara a 'yan shekarun nan ɗaruruwa ne, bai kai dubu ba. Mutumin da ke zaune cikin irin wannan kwanciyar hankali shi ke iya mai da kisa abin nishaɗin bayan cin abinci. Dariyar tasu ribar amincewa ce da cewa akwai hukumar da za ta bi diddigi.

Ba kuma cewa nake yi wannan amincewa ba ta taɓa cin amanarsu ba. A Janairun 2000 kotu ta sami Harold Shipman, likita a garin Hyde kusa da Manchesta, da laifin kashe majinyatansa 15 ta hanyar yi musu allurar magani mai ƙarfi fiye da kima. Kwamitin binciken da mai shari'a Janet Smith ta jagoranta ya gano a rahotonsa na 2002 cewa waɗanda ya kashe sun kai 215, mafi yawansu tsofaffin mata. Shekaru ya yi yana wannan ta'asa, mutanen gari suna yabonsa da kirki. Wata likita ta nuna damuwa a farkon 1998, 'yan sanda suka duba sama-sama suka rufe maganar. Abin da ya tona shi a ƙarshe shi ne 'yar wata mamaciya, lauya, da ta ga wasiyyar da aka ce mahaifiyarta ta bar wa likitan dukiya, ta ce wannan takarda jabu ce, ta ƙi yin shiru. Ba wanda zai yi barkwanci da wannan labari. Amma yana tabbatar da abin da labaran ƙauyen nan ke ta nanatawa cikin raha: rigar mutunci ita ce maɓoya mafi kyau, kuma wani lokaci mai ceton al'umma shi ne mutum ɗaya mai naci da kowa ke ganin ya cika shisshigi.

A nan ne na ga fim ɗin ya taɓo mu, ko da yake ba don mu aka yi shi ba. Mu ma mun san tambayar nan ta wa ya dafa. Idan magidanci ya ci abinci ya faɗi, kafin a kai shi asibiti an riga an yanke hukunci a tsakar gida, kuma galibi a kan wadda ta fi zama baƙuwa a gidan yake faɗawa, amarya ko 'yar aiki. Wani lokaci zargin gaskiya ne, wani lokaci kuwa ciwon zuciya ne ko abinci ne ya lalace, amma da yake akan binne ba tare da gwaji ba, sai zargin ya bi mace har kabarinta, ba a tabbatar ba, ba a kuma wanke ta ba. Mun iya cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, sai dai aiki da maganar ya fi faɗarta wuya. Fim ɗin, da duk shiriritarsa, yana koyar da tambayoyi uku da ya kamata su riga hukunci: ta hannun wa da wa abincin ya bi, wa zai amfana da mutuwar, kuma me gwaji ya nuna? Wanda sunansa ke jikin faranti shi ne farkon wanda za a tambaya, amma ba a kansa tambaya ke ƙarewa ba.

Darasi na biyu na mai faranti ne da kansa. Da Agatha ta faɗi gaskiya, abin da take tsoro ya faru, an yi mata dariya. Sai dai daga wannan rana ce ƙofofi suka fara buɗuwa. Matar da ta zo da takalma masu tsini da taƙamar Landan ba ta sami kowa ba, amma matar da aka kama da abincin kanti, aka ga ita ma tana jin kunya kamar kowa, ita ce aka fara gayyata shan shayi. Abin da ta kashe kuɗi da dabara tana nema, faɗuwarta ce ta kawo mata shi kyauta. Da yawa daga cikinmu muna ɗauke da irin wannan faranti: takardar shaidar da ba mu gama cancanta ba, rubutun da wani ya yi muka sa suna, arzikin da bashi ne. Muna tsaron ƙaramar ƙarya da dukkan ƙarfinmu, ba mu san ranar da za ta ɗaure mu da babbar tuhuma ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gara mutum ya fito da ƙafarsa tun ana dariya, kafin a zo fito da shi ana kuka.

Jiya da yamma na karanta wa Hedimasta wannan rubutu kafin in aika. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malam marubuci, ka yi ƙoƙari, amma ban janye ba. Gawa gawa ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, ban nemi ka janye ba." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ya yi wa dubban yara a zamaninsa, ya ce, "Bulala shida kawai aka yi maka? Da a hannuna ka faɗo, sha biyu ce." Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya tambaye ni ko akwai ci gaban fim ɗin. Na ce akwai. Ya ce to, in ajiye masa kujera ranar Asabar.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.